Ranar da Don Teyo Ya Ce a Sare Kwakwarsa

Sunansa na takarda Eleuterio Canché, amma a tsibirinmu kowa Don Teyo yake ce masa. Katangar katako ɗaya ce ta raba gidana da nasa, shekara talatin da wani abu. Ni sunana Fidelia, wanki da guga nake yi a ɗaya daga cikin manyan otal-otal na bakin ruwa. Shi ya riƙe 'yata ranar da aka yi mata baftisma, don haka tun daga ranar ni yake ce wa komadre, ni kuma in ce masa kompadre, kamar yadda ake yi a wajenmu.

Gajere ne, mai faɗin ƙirji, ƙafafunsa sun ɗan gwame saboda rungumar itace. Tafin ƙafarsa kuwa ko ƙaya ba ta shiga. Ba shi da yawan magana. In yana tafiya a hanya kansa a sama yake, yana duban bishiyoyi, har sau biyu 'yan motocin nan da baƙi ke haya suka kusa ture shi. Aikinsa hawan kwakwa. Tun yana ɗan shekara tara ya fara, lokacin da babu otal ko ɗaya a nan, sai masunta da gonar kwakwa da ta cinye rabin tsibirin. Babansa na cikin masu fasa kwakwa suna shanyawa a rana, jirgin 'yan kasuwa ya zo ya kwashe.

Shekarar da ya auri Remedios suka shuka kwakwa goma sha biyu a bakin layinmu, daga ƙofar gidansa zuwa filin ƙwallo. Ita ke ɗebo ruwa da bokiti tana ba su. Bayan wasu shekaru wata cuta ta shigo, ganyen bishiyoyi ya riƙa yin ruwan ɗorawa, kai ya ruɓe ya faɗo, gona guda ta koma sanduna a tsaye. Cikin goma sha biyun nan biyar suka tafi, bakwai suka tsira, ba wanda ya san dalili. Su ne suka zama mafi tsawo a duk tsibirin. Masunta in suna dawowa daga nesa, su suke fara hangowa. Remedios ta rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ciwon sukari ne, ta bar masa 'ya ɗaya, Rosaura, wadda ke aure a birnin Merida, can tudu.

Abin da ya mayar da Don Teyo yadda muka san shi, babbar guguwar nan ce da ta zo yana ɗan shekara talatin da biyu. Ni a lokacin ina ƙauyenmu a can tudu, ban gani ba, amma Remedios ta ba ni labari ba sau ɗaya ba. Da hantsi ta sauka. Suna ɗaki ɗaya su takwas, yayansa Anselmo ya jingina kafaɗa da ƙofa yana danne ta don kada iska ta ɓalle ta. Kwakwa guda ɗaya ce iska ta tsinko, ta huda kwanon bango kamar takarda, ta same shi a bayan kunne. Bai mutu nan take ba. Kwana biyu yana numfashi, babu jirgi, babu likita, ruwa har gwiwa a cikin gari. Don Teyo ne ya riƙe kansa a cinya har ya cika.

Tun daga nan, in watan Agusta ya kama, ba ya barin kwakwa ko ɗaya a saman bishiyar da ke kusa da mutane. Da aka gina otal-otal suka ɗauke shi aiki, shi ya shuka musu yawancin bishiyoyin da baƙi ke ɗaukar hoto a ƙarƙashinsu, shi kuma yake hawa yana sauke musu. In ya gama na otal sai ya bi unguwa gida-gida, ba wanda ya aike shi. Zai tsaya a ƙofa da addarsa da igiya a kafaɗa, ya ce wa matar gidan, "Doña, zan hau taki." Ko ka ce a bari ta ƙara nuna, ba ya ji.

Damuwar ba ta tsaya ga kwakwa ba. Daga Yuni zuwa Nuwamba rediyonsa ba ta mutuwa. Ya san sunan kowace iska da ta taso daga can gabas tun tana ƙarama, ya san inda ta dosa, ya san wadda ta juya. Zai leƙo ta saman katanga ya ce, "Komadre, kwanon ɗakin girkinki ƙusa biyu sun fita." Ko kuma, "Kin cika tankin ruwa?" Wani lokaci sai in ji kamar in ce masa ya ƙyale ni in sha iska.

Mai tsokanarsa a fili shi ne Macario Tun, kafinta mai gyaran jiragen masunta, abokinsa tun suna yara. In ya hango shi sai ya ɗaga murya, "Ga hukumar yanayi nan tafe! Teyo, yau wace ce za ta kashe mu?"

Don Teyo ya ce, "Kai ba guguwa ce za ta kashe ka ba, giya ce."

"To ai gara ita, ita a zaune take samun mutum."

A shekarar da nake ba da labari yana da sittin da tara. Idanunsa sun yi yana, na dama ya fi muni. Bai faɗa wa kowa ba, ni na gane, don na ga yana laluba tortiya, wainar masarar da muke ci, a kan tebur kafin ya ɗauka. Da na yi masa magana ya ce, "Hawa ai da ƙafa ake yi, komadre." Ni kuwa na kira Rosaura na gaya mata. Ya yi kwana huɗu ba ya gaishe ni.

Cikin Agusta ya sauke na otal duka, a hankali, abin da yake yi a sati biyu ya ɗauke shi wata guda. Ya bi na maƙwabta. Nasa bakwai kullum su yake bari ƙarshe, don sun fi wuya, sai da safe in babu iska. Ana cikin haka ya zame a wata bishiya ƙarama, ya bugu a ƙugu, ya yi sati uku yana ɗingishi. Yana fara warwarewa sai ga Rosaura ta zo da kanta, ta ce asibitin Merida sun ba da ranar aikin ido, farkon Oktoba, in aka rasa ta sai baɗi.

Ranar tafiya na raka su bakin jirgi. Ya tsaya a layi yana waiwayen bishiyoyin, kowacce ta yi nauyi da 'ya'ya, dami-dami.

Ya ce, "Rosaura, ki ba ni kwana biyu."

Ta ce, "Baba, da wane idon? Ka shiga jirgi don Allah."

Ya juyo gare ni. "Kwana biyar zan yi, komadre. Babu komai a teku yanzu, na saurara da safe."

Ranar Litinin aka yi masa aikin. Ranar Talata aka fara maganar wata iska da ta taso daga kudu, ba inda yake sa ido ba. Laraba da safe ta zama guguwa, kafin azahar an ce ta ninka ƙarfinta, kuma zanen da ake nunawa a talabijin ya bi ta kanmu daidai. Ba na son kiran sunanta, har yau.

A otal aka tara mu aka ce a bar wanki. Muka koma kwashe kujerun bakin ruwa, wasu aka jefa su cikin tafkin wanka don kada iska ta ɗauka. Baƙi suka cika harabar da akwatunansu, wata mata tana kuka tana tambayata da hannu ko jirgi zai samu kowa. Na ce mata zai samu, alhali ban sani ba. Mu ma'aikata ba wanda ya tambaye mu ina za mu. Kowa na aiki yana lissafin gidansa a zuci: kwano, tsofaffi, yara, da abin da za a ci in otal ya rufe wata shida kamar yadda aka taɓa yi.

Ina cikin ɗaure labule wayata ta yi ƙara. Don Teyo ne.

"Komadre, kin gani?"

"Na gani, kompadre. Yaya idon?"

"Bar maganar ido. Je ki nemo Hilario, ki ce ni na aiko ki. Ya hau bakwai ɗin nan yau, kada ya kai gobe."

Masu hawan kwakwa uku ne a tsibirin, har da shi. Hilario na same shi a bakin jirgi da matarsa mai tsohon ciki, suna cikin layi. Ya sunkuyar da kai ya ce in ba Don Teyo haƙuri. Ban ga laifinsa ba. Na ukun wani otal ya riƙe shi tun asuba, yana sauke waɗanda suka sake fitowa a gefen gilasai. Da na same shi da yamma hannuwansa duk sun kumbura. Ya biyo ni har layinmu, ya ɗaga kai ya duba. Iska ta riga ta fara, kawunan bishiyoyin na lilo. Ya ce, "Doña Fide, ko ranar da babu iska ban taɓa hawan waɗannan ba. Shi kaɗai ke hawansu. Ina da yara uku."

Muka gwada dogon gora da ƙugiya, muka ɗaura biyu, bai kai rabi ba.

Abin da ya faru a Merida a wannan yammar daga bakin Rosaura na ji. Ta fita sayen maganin ɗigawa, ta dawo ba ta same shi ba. A tashar mota ta tsince shi, da bandeji a ido ɗaya, ɗayan kuma ba ya gani sosai, yana riƙe da hannun wani mutum da bai sani ba yana tambaya wace mota ce ke zuwa bakin teku. Mai sayar da tikiti ya gaya masa jirgi ya daina ɗaukar masu shiga tsibiri, masu fita kawai yake kwasowa. Ya ce zai sami masunci ya tsallakar da shi. Rosaura ta ce ta durƙusa a gabansa cikin mutane, ta ce, "Baba, likita ya ce ko sunkuyawa kada ka yi. In ka hau bishiya idon zai fashe. Na rasa Mama, kada ka sa in rasa ka a kan kwakwa."

Ya ce mata, "Ba a kan kwakwa ba ne."

Ta ce ta sani. Suka zauna a bencin tasha kusan awa guda, sannan ya miƙa mata hannu ta kai shi gida.

Alhamis da sassafe motar lasifika ta zagaya tana cewa gargaɗi ya koma ja, wato mataki na ƙarshe, kowa ya kasance a mafaka kafin ƙarfe biyu na rana. Mafakar unguwarmu makarantar firamare ce, tana bayan filin ƙwallo, tagoginta na katako suna fuskantar bishiyoyin nan. Gidaje goma sha huɗu ne a layinmu, duk kwano da katako. Ina ɗaure tukunyar gas Don Teyo ya sake kira. Muryarsa ta dishe.

"An samu?"

"Ba a samu ba, kompadre."

Ina jin talabijin a bayansa.

"Macario yana nan?"

"Yana nan, yana buga katako a tagar coci."

"Kai masa wayar."

Na same shi a kan tsani da ƙusoshi a baki. Na sa wayar a lasifika na ɗaga masa. Ya tofar da ƙusoshin a hannu ya ce, "Hukumar yanayi! Ka ga ka tafi ka bar mu, ta samu hanya."

Don Teyo ya ce, "Maca, injin yankan itacenka yana da mai?"

"Yana da. Me ya faru?"

"Je ka sare su."

"In sare me?"

"Bakwai ɗin. Duka."

Macario ya sauko daga tsanin a hankali. Ya karɓi wayar daga hannuna. "Teyo, maganin barcin da suka ba ka bai sake ka ba ne? Kwakwar Remedios?"

"Na san ta wace ce."

"Sun ga guguwa nawa suna tsaye? Ba abin da zai same su."

"Ba su nake ji ba. Kowacce tana da fiye da hamsin a kai. Mutum nawa za su kwana a makarantar nan?"

"Ni ba zan yi ba. Ka sa wani."

"Kai ka taya ni haƙa wa Anselmo rami, Maca. Ka ga kansa."

Macario ya goge fuska da gefen riga, ya dubi sama, ya zagi guguwar da uwarta. Sannan ya ce, "Wacce zan fara?"

Daga can Merida, da ido a rufe, Don Teyo ya tsara mana aikin. Ya san inda kowacce ta karkata. Ya ce a fara da ta bakin fili, a kayar da ita cikin filin, don ta buɗe wa ta biyu hanya. Ta huɗu ta jingina wajen gidan Doña Eulalia, tsohuwar da ke sayar da abinci a kusurwa, sai an ɗaura igiya a ja ta hagu sosai kafin a gama yanka. Ta ƙarshe, wadda ke ƙofar gidansa, ya ce in ba yadda za a yi a bar ta ta faɗa kan katangarsa, kada ta taɓa tawa.

Maza da yawa suna wajen jiragensu, suna shigar da su cikin dajin bakin ruwa. Don haka masu jan igiya yawanci mu ne mata, mu tara, da tsofaffi biyu. Macario ya jefa igiya da dutse har ta kama sama gwargwadon iko. Yayyafi ya fara, irin mai zuwa ya tsaya ya sake zuwa.

Kafin a tayar da injin Don Teyo ya ce, "Komadre, kada ki kashe wayar. Sa ta a aljihu."

Na sa ta a aljihun gaban rigata. Injin ya kama kuka. Ban taɓa sanin itacen kwakwa yana da tauri haka ba, sai da Macario ya tsaya sau biyu yana hutawa. Da ta tashi faɗuwa ba ta yi sauri ba, ta ɗan tsaya kamar mai tunani, sannan ta tafi. Ƙasa ta girgiza har cikin haƙorana. Kwakwa suka watse ko'ina a filin, ɗaya ta gangara har bakin ƙofar makaranta.

Daga aljihuna na ji ya ce, "Kowa lafiya?"

Na ce, "Lafiya."

"To ta biyu."

Haka muka yi ta biyu, muka yi ta uku. Doña Eulalia tana jan igiya tana kuka, tana cewa ta tuna Remedios da bokitinta. Wata ta ce mata, "Doña, ki yi kukan daga baya, yanzu ja." Da ta huɗu ta kwanta inda ya ce, tazarar taku biyu daga bangon Eulalia, na ciro wayar don in gaya masa. Ya riga ya ji faɗuwarta. Can ya ce, "Sauran ukun ba su da wuya. Kashe wayar, komadre." Na kashe.

Wajen ƙarfe ɗaya muka gama. Ta ƙarshe ta rushe masa katangar gaba kamar yadda ya faɗa. Muka kwashe kwakwar da baro da buhuna muka zuba a wani aji, ta kusa kai taga. Da na waiwaya daga ƙofar makaranta ban gane layinmu ba. Sama ta yi faɗi, gidajen sun zama ƙanana.

Mu ɗari da wani abu ne a makarantar. Wajen la'asar iska ta yi ƙarfi, wuta ta ɗauke, waya ta mutu. Muna jin kwano na tashi a wani wuri yana kaɗawa. Yara suka yi tsit. Macario ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, ga garin katako har cikin gashinsa, bai yi wa kowa wasa ba. Muka yi addu'a, muka jira mafi muni.

Bai zo ba. Kafin rana ta faɗi wani mai ƙaramar rediyo ya ce guguwar ta karkata arewa, ta wuce ta cikin teku, gefenta kawai ya shafe mu. Washegari muka fito muka tarar ruwa ya shiga gidajen ƙasa-ƙasa, kwanon gida huɗu ya tafi, bakin ruwa na otal-otal ya cika da ciyawar teku da yashi. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya ji ciwo in ban da wani da ya taka ƙusa. Bishiyoyin kwakwa na sauran unguwanni suna tsaye, sun sha duka amma suna tsaye.

Kwana biyu babu waya. Rosaura ta ce a kwanakin nan bai ci komai ba sai kunun masara da ta matsa masa. Talabijin na cewa tsibirin ya tsira, shi kuwa ya ce su bakin ruwa kawai suke nunawa, ba su shiga unguwa ba. Ranar Asabar da hantsi layin waya ya dawo, kiransa ne na farko da ya shigo mini. Bai gaishe ni ba. Ya fara daga gidan farko na layi, yana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, har jariri da ba a yi wa baftisma ba tukuna. Kowane in ce lafiya. Da ya kai ƙarshe ya ce, "Mun gode wa Allah," sai na ji Rosaura tana cewa, "To yanzu ka ci abinci."

Kafin ya dawo magana ta riga ta zagaya. Wasu suka ce tsoron tsoho ne ya jawo aka yi asarar banza. Masunta suka ce an ɗauke musu alamar gida. Wani direban tasi ya ce a gabana, "Da an ƙyale su da yanzu suna nan." Na ce masa, "Kai ina kake ranar? Ai a jirgin farko ka gudu." Amma ni ma, gaskiya, in na fito da rana na ji zafin da ke dukan layinmu, sai in yi kewar inuwarsu.

Bayan kwana goma ya sauka daga jirgi da baƙin tabarau, Rosaura na riƙe da jakarsa. Idon dama ya buɗe tar, ya ce har fuskata yana ganin ta tsufa. Muka taho a ƙasa. Da muka shigo layi ya tsaya. Macario ya riga ya yayyanka gungumen ya jera a gefen fili, sai kututture bakwai a jere, samansu fari. Ya cire tabarau, Rosaura ta ce ya mayar, bai mayar ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana dubawa. A na huɗu ya tsuguna ya shafa wurin yankan.

Macario na tsaye a ƙofar shagonsa, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Ya ce, "Teyo, ba ta ma zo ba. Da na sani da na yi maka gardama sosai."

Don Teyo ya ce, "Wannan ka yanka ta a karkace."

"Kai ka ce in ja ta hagu!"

"Na ce ka ja, ban ce ka yi mata yankan mahaukaci ba. Shekara hamsin kana kafinta."

Macario ya buɗe baki zai rama. Don Teyo ya miƙe ya dafa kafaɗarsa. Ya ce, "Ranar Alhamis da safe wa ya san za ta juya? Kai ka sani?"

"Ban sani ba."

"Ni ma ban sani ba. To shi ke nan."

Bai ƙara cewa komai a kai ba, a gaban mutane dai. Ya shiga gida ya rataya ragar kwanciyarsa, ya yi kwana uku bai fito ba. Ni ke miƙa masa baƙin wake da kifi ta saman katanga. A rana ta uku da na miƙa ya riƙe kwanon bai tafi ba. Ya ce, "Komadre, da na hau su a Agusta kafin na otal, da ba a kai ga haka ba. Kullum nawa nake bari ƙarshe." Na ce masa ba wanda ya san zai zame. Ya ce, "Haka ne," amma na ga bai karɓa ba.

Bai sake hawa ba. Likita ya hana, kuma otal ɗinmu ya kawo wata mota mai ɗaga mutum sama, wani kamfani ke zuwa da ita sau biyu a shekara. Suka ba shi aikin ba furanni ruwa. Ya yi wata uku ya ajiye, ya ce tiyo yake riƙewa kamar mai wankin mota. Yanzu da safe yana zuwa shagon Macario, ya riƙe masa katako, su yi ta musu har azahar.

Har yau in an zauna a ƙofar Doña Eulalia aka tayar da maganar, sai an rabu biyu. Ni ba na shiga. Na ja igiyar da hannuna, kuma gadon jikata yana jikin bangon da ke fuskantar ta shida. Abin da na sani ke nan.

Aikin ido na biyu sun ba shi rana a Satumbar da ta biyo, ya ce ko za a ɗaure shi ba zai bar tsibiri a watan ba. Rosaura ta yi ta kai da kawo har aka mayar Disamba. Ni da Macario muka raka shi bakin jirgi. Ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, yana ta mita a kan sanyin motar Merida, wai kamar an sa mutum a firij. Macario ya ce ya sayo masa sabon zarto in ya ga mai kyau, tunda yanzu zai dawo da ido biyu. Ya ce zai duba, ya ɗauki jakarsa ya shiga layi.